Haruffa a Ƙofofin Inna

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da aikinka da ciwon bayan nan naka da ba ka taɓa yarda kana da shi ba. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Injiniya yana gaishe ka. Gwaggo ma ta ce a gaishe ka da ƙarfi, don a zatonta kunnen kowa irin nata ne.

Rubuto maka na yi ban kira ka ba, saboda Inna ko ta manta abin da ta ci da safe, kunnenta bai manta aikinsa ba. Da na ɗaga waya za ta zo ta tsaya a kaina. Ga shi kai kuma a waya ba a samun komai daga bakinka sai "to" da "Allah ya kyauta".

Jikin Inna da sauƙi. Tana ci tana sha, har tsiya take yi wa Gwaggo. Mantuwar ce ta ƙaru. Yanzu a cikin gidanta take ɓata. Sai ta fito falo ta tsaya tana duban ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kamar wadda mota ta sauke a garin da ba ta sani ba. Likita ya ce tunda karatu bai bar ta ba, a rubuta sunan kowane ɗaki a manna a ƙofarsa. Injiniya ya bugo mana a ofishinsu, manyan baƙaƙe a kan farar takarda. Ko wuni ba su yi ba. Ta bi su ta ɓamɓare, ta ninke, ta miƙo mini, ta ce, "Mayar wa mai su. Nan ba asibiti ba ne. Ban ƙarar da ƙuruciyata a aji don a zo ana yi mini tsawa a bangon gidana ba."

Ga inda gizo ke saƙa. Injiniya ya ce idan abin bai gyaru ba kafin mu koma wurin likita, a ɗauke ta ta dawo wurinmu. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, ka san halinsa. Na dawo kwana a tsohon ɗakina a gidan Inna, shi kuma na bar shi da yara da tukunya. Amma mu a saman bene muke, babu tsakar gida, babu bishiyar lemon tsaminta, babu tagar da take zama tana gaisawa da masu wucewa. Na ɗan taɓa mata maganar, ta ce ita daga gidan nan sai kabari.

Kai ne mai zana haruffa. Shekara nawa muna gaya wa mutane sana'arka suna cewa, "Haruffa kuma? Ai an riga an zana su"? To, yau ranarka ta zo. Ka yi mana rubutun da Inna ba za ta ji kamar faɗa ake yi mata ba. Ƙofofin su ne ɗakin Inna, banɗaki, kicin, falo, sito da ɗakina.

Kada ka amsa mini da "to".

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, gaisuwar da ta dace da wadda take ɗauke da kayan da ya kamata a ce mu biyu muka raba. Ina lafiya. Bayan yana nan yadda kika san shi, bai ƙaru ba. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna. Ki gaishe da Gwaggo da Injiniya da yara.

Na karanta wasiƙarki a natse, kuma ina ganin Inna tana da gaskiya. Rubutun da ake bugawa a ofisoshi don umarni aka yi shi: tsaya, shiga, kada ka taɓa. Tsayayye ne, kusurwoyinsa masu kaifi, idan kuma aka jera shi da manyan baƙaƙe zalla, ido yana jin sa yadda kunne yake jin tsawa. Malamar da ta saba ita ce mai rubutu a allo ba za ta karɓi irinsa ba.

A cikin wannan ƙunshi akwai kati na kowace ƙofa. Salon rubutun da ke kansu ni na zana wa kamfaninmu shekarun baya, domin bangon littattafan yara. Daga baya wani gidan burodi da wani likitan haƙorin yara suka nemi izinin sa shi a allunansu. Bari in bayyana miki shi kaɗan, domin ki san abin da za ki manna.

Jikin kowane harafi kakkaura ne, kaurinsa kusan ɗaya daga sama har ƙasa. Inda sandar harafi ta ƙare na yi mata ɗan faffaɗan mazauni, wanda a sana'armu muke kira ƙafa. Ita ce take sa harafi ya zauna daram a kan layi, kada ya yi rawa a idon mai kallo. Sai dai irin wannan ƙafa, idan aka bar ta da kaifinta, kama take yi da bulo. Saboda haka na bi kowace kusurwa na goge ta, har ta koma kamar gefen sabulun da aka fara wanka da shi. Cikin harafin a da e da o na buɗe shi sosai, don kada ya toshe wa mai raunin gani. Lanƙwasar da ke kan ɗ da ƙ da ɓ kuwa na ja ta ta fito fili kamar mariƙin sandar tsoho, domin a yawancin rubutun inji ƙanƙanuwa ce, ba a lura da ita.

Wannan salo ba na dogon karatu ba ne. Idan aka ƙanƙanta shi aka cika shafi da shi, cushewa yake yi ya gajiyar da ido. Aikinsa kalma ɗaya ko biyu, manya, waɗanda za a hango daga nesa a ji kamar maraba ake yi. Na gwada katunan yadda muke gwada kowane aiki. Na manna su a ƙarshen barandar ofis, na koma ɗaya ƙarshen, na cire tabarau. Duk na karanta su. Wani abokin aikina da ya tarar da ni ina kanne ido ina kallon kalmar banɗaki ya nuna mini hanya, na yi masa godiya.

Za ki ga takardar ba fara sol ba ce, ruwan madara ce, kuma ba ta sheƙi, domin kada hasken taga ya kashe mata ido. Kada ki manna su a saman ƙofa. Inna gajeriya ce, kuma tun da daɗewa ƙasa take kallo idan tana tafiya. Ki sa su daidai da mariƙin ƙofa, inda hannunta da idonta suke haɗuwa.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada a manna su a bayan idonta. Ki kai mata su, ki ce aikina ne na aiko ta duba mini. Malami ba ya yaga aikin ɗalibi kafin ya duba.

Game da shawarar Injiniya, ban ga rashin hankali a cikinta ba. Mutum ne mai lura, kuma yana da haƙƙi a kanki.

Ina fata wannan ya ɗara "to".

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai dai Gwaggo da mura ta kama, ta kuma samu dalilin kwanciya. Ƙunshinka ya iso lafiya, ko kusurwa ɗaya ba ta lanƙwashe ba.

Bari in fara da mai daɗin. Na yi yadda ka ce. Inna ta sa tabarau, ta jera katunan a cinya, ta bi kowane harafi da yatsa kamar mai shafa kan jariri. Ta ce, "Kai, waɗannan haruffa sun ƙoshi. Wa ya ciyar da su?" Na ce ɗanki ne ya aiko ki duba masa. Ta ce, "Ya ci maki tara. Ba a ba ɗa goma, kansa kumbura yake." Ita da kanta ta riƙe mini katunan ina mannawa, har tana cewa wannan ya karkace. Yanzu ƙosassu take kiran su. Ko ɗaya ba ta taɓa ba. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta gani ta ce ita ma irinsu take so a shagonta, na ce ta bi layi.

To, Yaya, kyau dai sun yi, amma ba su kai ta ko'ina ba. Sai ta zo ƙofar ɗakinta ta karanta "Ɗakin Inna" sarai, sannan ta tuɓe takalmi, ta yi sallama, ta tsaya jiran amsa. Idan shiru ya yi yawa sai ta koma falo ta zauna a gefen kujera kamar mai jiran a kira ta. Na ce mata, "Inna, ai ɗakinki ne." Ta yi mini wani kallo kamar na zagi babba. Banɗaki kuwa, takan karanta, ta gyaɗa kai, ta wuce shi ta nufi ƙofar baya. Idan na tare ta sai ta ce, "To ina sabon gini?" Ni tun da na buɗe ido a gidan nan ban ga an ɗora bulo a kan bulo ba, wane sabon gini zan nuna mata?

Jiya da hantsi na fita sayo magani, Gwaggo tana kwance. Inna ta buɗe ƙofar baya ta bi lungu. Mai gyaran takalman bakin titi ne ya dawo da ita, yana riƙe da hannunta, suna tafe suna hira. Ita dariya take yi.

Na je gida na tarar Injiniya ya fara kwashe kaya daga ɗakin da ke kusa da namu. Kuma tunda kai ma ba ka ga rashin hankali a shawararsa ba, na gane ku biyu ne, ni kaɗai ce. Da ka fito fili ka ce a ɗauke ta, da ya fi mini sauƙi a kan ka cika takarda da zancen sabulu da bulo, sannan ka ɓoye hukuncinka a layin ƙarshe. Ka faɗa mini baro-baro, a ɗauke ta ko a bar ta? Uwarka ce kamar yadda take uwata.

Auta

Yaya,

Ina fata lafiya ce ta ɓoye ka. Mu dai muna nan.

Na jira har na gaji. Kullum mai kawo wasiƙu ya wuce sai in ji kamar in bi shi in zazzage jakarsa. Na kira ka, ka ce "ina kan aikin". Wane aikin? Ranar komawa wurin likita ta matso. Injiniya ya sa an yi wa ɗakin fenti. Na sa wa ƙofar baya kwaɗo, Inna kuma takan tsaya a gabanta tana girgiza shi tana tambayar wanda ya kulle ta a gidanta.

Idan shirun nan shi ne amsarka, na ji. Amma ka sani ni ce zan riƙe hannunta mu hau benen nan, ba kai ba.

Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, ina kuma roƙon ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki yanke mini hukunci. Lafiyata ƙalau. Ina fata murar Gwaggo ta sake ta. Wasiƙunki biyu suna gabana.

Zan fara da tambayarki, tunda kin nemi amsa a fili. Ra'ayina shi ne Inna ta zauna a gidanta muddin akwai hanyar da za ta zauna lafiya. Abin da na rubuta game da Injiniya, nufina kada ki ƙullace shi, domin na ga kina tsakanin mutum biyu da kike ƙauna. Na taƙaita maganar fiye da kima, har ta ɗauki ma'anar da ban ɗora mata ba.

Yanzu ga batun ƙofofi. Da na karanta yadda Inna take tuɓe takalmi a ƙofar ɗakinta, sai na ajiye takardar, domin na san wannan tsayuwar. Na gan ta ina yaro. Haruffan ba su da laifi, Inna ma ba ta ɓata ba. Gidan da take zagayawa a cikinsa shi ne na lokacin da ba a haife ki ba, mu kuma mun rubuta mata sunayen gidan yanzu. Ke ba ki da hanyar sanin wancan, domin kin zo ne bayan an cire rai da ƙarin haihuwa, na riga na tafi makarantar kwana. Ni kuwa tun da na bar gida ban zauna na ga yadda sunayen suka sauya ba, saboda haka suna nan a kaina yadda na bar su. Bari in bi miki su.

A wancan zamani, idan aka ce Inna a gidanmu, kakarmu ake nufi, mahaifiyar Baba. Mahaifiyarmu ba ta taɓa shiga ɗakinta da takalmi ba, ba ta kuma taɓa shiga ba tare da an amsa mata ba. Ita kanta Malama kowa yake ce mata, har Baba, har ni. Sunan Inna ya dawo kanta ne bayan rasuwar kaka, kuma ke kika fara kiran ta da shi. Saboda haka sabon katin ƙofarta yana cewa "Ɗakin Malama".

Banɗakin da ta sani yana can ƙarshen tsakar gida ta baya, jikin katanga, inda yanzu kuke shanya. An rushe shi kafin zuwanki. Na cikin gida Baba ne ya gina shi daga baya, muka riƙa ce masa sabon gini, muka ci gaba da faɗin haka har fentinsa ya koɗe. Shi take tambayar ki. Katinsa ya fi sauran faɗi, domin na gwammace in ƙara takarda da in rage girman haruffan.

Falo ɗakin rediyo ne, saboda wata babbar rediyo mai akwatin katako da ta zauna a ƙarƙashin taga. Sito kuwa ofis ne, a nan take duba littattafan 'yan ajinta, kuma ba a shiga sai da dalili. Kicin kaɗai ne bai sauya suna ba, ki bar katinsa.

Duk wannan na gama shi da wuri. Abin da ya tsayar da ni ƙofa ɗaya ce, taki. Kafin a haife ki, ɗakin baƙi ne. Akwai gado mai shimfiɗar da ba a zama a kanta, da labule mai kyau, kuma kullum a share yake ko da ba a sa ran kowa. Na jera kalmomin, na buga, na manna a barandar ofis, na cire tabarau. Sun fito da kyau ƙwarai. Sai na kasa sa katin a ambulan. Ke kika bar gidanki kika dawo ɗakin nan. Ke kike wanke mata ƙafa, ke kike ƙirga mata magani. Ban ga yadda zan zauna a nan nesa in aiko miki takardar da za ta kira ki baƙuwa a gidan ubanki ba. Na rubuta wannan sakin layi na yaga, na sake rubutawa na yaga, kwanaki suna tafiya. Wannan shi ne aikin da na ce miki ina kai. Na yi kuskure da na bar ki cikin shiru alhali sauran katunan suna shirye.

Ga abin da na tsayar. Na aiko da "Ɗakin baƙi" a cikin ambulan dabam, a rufe. Na ƙofarki da ke manne yanzu yana nan daram. Mai yiwuwa Inna ba za ta damu da wannan ƙofa ba, tunda ba ta da buƙatar shiga. Idan haka ne, ki jefa ambulan ɗin a shara ba tare da kin buɗe ba. Babu mai ikon zaɓa a nan sai ke, kuma duk wanda kika zaɓa daidai ne a wurina.

Ki sake kai mata su a matsayin aikin da za ta duba. Ki ce na yi gyara.

Ki roƙa mini Injiniya ya ɗan ƙara haƙuri har a ga abin da wannan zai yi.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya. Gwaggo ta warke, ta koma jin abin da ta ga dama. Yara suna gaishe ka. Na huce, amma kada ka sake yi mini irin wannan shirun, ko takarda fara ce ka aiko in san kana raye.

Yaya, ashe gida guda muka tashi amma ba gida ɗaya muka sani ba. Na kai mata katunan na ce ka yi gyara. Ta karanta "Ɗakin Malama", ta ce, "Yanzu ya yi hankali." Na manna, ta tura ƙofa ta shige da takalmanta, ta hau gado ta miƙe ƙafa. Sabon gini kuwa, ko tambaya ba ta sake yi ba. Ƙofar baya ta daina kulawa da ita. Har ɗakin rediyo take kiran Gwaggo su zauna, ta ce a yi shiru za a fara labarai, su biyu su zuba wa tagar ido. Gwaggo ta ce ita dai tunda ba ji take yi ba, da rediyo da babu duk ɗaya ne.

Ambulan ɗinka na sa shi a ƙarƙashin katifa, na ce ba zan buɗe ba. Amma ƙofata ce kaɗai ta rage tana tayar mata da hankali. Duk ta zo wucewa sai ta tsaya ta karanta "Ɗakin Auta", ta ɓata rai, ta ce, "Wa ya ba da ɗakin nan haya ban sani ba?" Daga nan sai ta rikice, ta koma duban sauran ƙofofin kamar su ma ba ta yarda da su ba. Rannan da rana na ciro ambulan ɗin na buɗe. Na manna, na shiga kicin na yanka albasa, don idan Gwaggo ta gan ni in sami abin faɗa.

Washegari da safe sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa a hankali. Na buɗe, sai ga Inna da tire. "Baƙuwa, an tashi lafiya? Ya kwanan baƙunta?" Yaya, shayi ta kawo mini a cikin kofunan nan masu bakin zinariya na cikin kabad ɗin gilashi! Kofunan da ina yarinya ko kallon su na daɗe ina yi sai an ce in matsa. Yau ga ni ina sha a ciki, tana tsaye tana tambayata ko sukari ya ji. Ta hana ni share ɗaki, wai baƙo ba ya shara. Magani ma da take yi mini gardama a kansa, yanzu karɓa take yi ta haɗiye, don kunyar baƙuwa take ji.

Ba kullum ba ne. Wata rana takan dube ni ta ce, "Auta, wannan ɗankwalin bai dace da rigar ba," in ji daɗi kamar an yi mini kyauta. Wata rana kuma baƙuwa ce. Na daina gyara mata.

Mun koma wurin likita. Ya saurara, ya yi mata tambayoyi, ita ma ta yi masa nata. Ya ce tunda tana gane hanyarta, a bar ta inda ta saba, a dai sami mai zama da ita da rana, a kuma riƙa lura, don ciwon ba ya komawa baya. Na sani. Amma yau dai tana gidanta, tana bakin tagarta. Injiniya da kansa ya samo matar da za ta riƙa zuwa, ni kuma zan koma gida in riƙa kwana nan wasu ranaku. Ɗakin da ya yi wa fenti ya mayar da shi wurin zanensa, ya ce ko banza ya daɗe yana nema.

Ɗazu ina shanya na jiyo ta tana yi wa Gwaggo raɗa, irin raɗar da ake yi wa Gwaggo, wadda har bakin titi ana ji. Cewa take, "Baƙuwar nan 'yar mutunci ce. Ko 'yar wace ce, uwarta ta iya tarbiyya. A lallaɓa ta kada ta tafi." Ka ji Malama, ko a cikin mantuwa kanta take yabo.

Mai ɗinki tana nan tana jiran allonta.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Malama da Gwaggo da yara. Ki isar wa Injiniya godiyata ta musamman. Ina lafiya, wasiƙarki kuma ta ƙara mini.

Katunan za su fara naɗewa ta kusurwa idan damshi ya yi yawa, musamman na sabon gini. Zan sa a buga su a kan roba mai kauri marar sheƙi, da girma ɗaya da launi ɗaya, domin kada ta ga sauyi. Idan sun iso ki musanya su ɗaya bayan ɗaya, ba a rana guda ba. Ki ce wa mai ɗinki ta aiko mini da faɗin ƙofar shagonta da kalmomin da take so, kada su wuce uku.

Game da abin da kika jiyo Malama tana gaya wa Gwaggo, na daɗe ina duban maganar, kamar yadda nake duban aiki kafin in sa hannu. Ban sami abin da zan ƙara ba, ban kuma sami abin da zan rage ba.

Yayanki